Ƙofar Kabuga da Katangar da Muka Gina a Kangon Yayana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tambayar wani ɗalibina ɗan aji biyar ce ta jawo wannan aiki. Ina ba su labarin zuwan Turawa, na ce ta Ƙofar Kabuga suka shiga Kano, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me ya hana su bi ta gefe?" 'Yan aji suka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, don yaron ba wauta ya yi ba. Kullum ta Kabuga yake wucewa a adaidaita sahu, abin da idonsa ya saba gani shi ne mahaɗar tituna da gadar ƙasa da masu talla. A saninsa ƙofa ado ce da ake kafawa a kan titi, wanda ya ga dama ya ratsa, wanda ya ga dama ya kewaye. Bai taɓa ganin ƙofar da in an rufe ta an rufe gari ba.

Abu biyu muka ƙudurta, ni da ɗalibai takwas da suka ce suna so. Na farko ɗan littafi mai shafi ashirin a kan Ƙofar Kabuga, da Hausar da ɗan firamare zai gane. Na biyu, mu gina guntuwar katanga irin ginin badala, mu bar ta ta sha damina guda muna kallo, don mu ga da idonmu abin da ke kashe ginin ƙasa da abin da ke raya shi. Yayana ya ba mu aron kangonsa da ke bayan gida. Sharaɗin da na kafa tun yau: ko cikin cokali ba za mu ɗebo daga ƙasar badala ba. Masu ɗibarta sun ishe ta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako guda na yi ina bin tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, ina tsamo duk inda aka ambaci ganuwa. Sarki Gijimasu, na uku a jerin sarakuna, wanda ake sa zamaninsa tsakanin 1095 da 1134, shi ya fara ta. An ce shanu ɗari ya yanka a ranar farko, kuma ƙofa takwas aka yi mata. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. A cikin ƙofofin farko akwai sunayen da har yau muke kira: Mazugal, Waika, Kansakali. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa birnin. Duk wannan babu Kabuga a ciki.

Sai a zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, sunanta ya fito, kuma labarin ya yi min daɗi har na karanta wa maiɗakina tana tsinkar zogale. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar Wambai Giwa a gida ba shi da lafiya. Da Wambai ya warke sai ya tambayi mutanensa abin da zai yi ya faranta wa Sarki in ya dawo. Suka ce ya ƙara girman gari. Shi ne ya ja ganuwa har Gadon Ƙaya, daga Dukawuya zuwa Kabuga, daga Kabuga ya je ya haɗe da Kansakali. Kowace safiya, in ji kundin, sai ya kawo wa ma'aikata ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin, har aka gama.

Mai yiwuwa akwai gishirin maroƙa a lissafin shanun. Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Wanda ya rubuta labarin bai damu ya gaya mana tsawon katangar ko kaurinta ba. Tuwo ya ƙirga da nama. Wato a wurinsa girman ganuwa yawan bakin da aka ciyar ne, yawan hannun da ya ɗauki ƙasa. Maiɗakina ta ce, "To kai nawa ka tanada wa naka ma'aikatan?" Na ce ƙosai da kunu. Ta ce Allah ya sa su ga gini.

Ke nan Kabuga ƙanwa ce a cikin ƙofofi, shekararta ɗari huɗu da 'yan kai. Kansakali ta girme ta da kusan shekara ɗari biyar.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun taka a ƙasa daga Gadon Ƙaya, muka wuce Famfo da Dukawuya, muka tsaya a Kabuga. Sanyi da hazo, yara duk sun yi fari fat. Na sa kowa ya riƙe littafi, shafi a raba biyu: gefe guda abin da aka rubuta, gefe guda abin da aka ce. Kafin mu kai rabi gefen "an ce" ya cika, don duk dattijon da ka tsaya wa yana da nasa asalin sunan kowace ƙofa, kuma ba ya yarda da na maƙwabcinsa. Ƙofar Famfo ce kaɗai ba a yi gardama a kanta ba, sunanta ya riga ya tona shekarunta: ta zamanin Turawa ce, lokacin da aka jawo ruwan famfo.

Badalar kuwa, inda ta rage, ta fi kama da doguwar jigawa da ruwa ya zaizaye. Wani wuri an huda ta an yi hanyar ƙafa, wani wuri juji ya haye ta, wani wuri katangar bulo ta jingina da ita kamar mai neman a goya ta. Na nuna wa yaran kududdufan da ke bin gefenta, na ce daga irin waɗannan ramuka aka haƙo ta. Wata ɗaliba ta ce, "Ashe ramin da tudun abu ɗaya ne, juya shi aka yi." Na sa ta rubuta maganar da sunanta, za ta shiga littafi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau shekara 122 cif. Na ware darasin yau don amsa tambayar yaron nan.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700 da igwa huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya, suka iso Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Turawa suka fara gwada igwa a jikin ganuwa, ta shanye harsashin kamar an jefa tsakuwa a rairayi. Ƙasa mai kauri ba ta tsagewa irin ta dutse, nutsewa abu yake yi a cikinta. Ita kuma ƙofar da suka fara tunkara, wadda mutanen gari ke cewa Dukawuya ce, an gina ta ne a lungu, ganuwa ta lanƙwaso ciki ta rungume ta, ta yadda ba a samun ta a saiti daga nesa, wanda ya matso kuma ana harbinsa ta dama da hagu. Sai suka zagaya yamma, suka sami Kabuga, suka fasa ƙyaurenta. Ta nan aka shiga. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan Sarki da 'yan mutanen da ke tare da shi har aka kashe shi. Daga baya aka yi yaƙin Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi, aka naɗa Abbas sarki, aka kai Alu Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Gwamna Lugga da kansa, da ya zo ya ga ganuwar, ya ba da rahoton tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, ya kuma ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Shekara 79 kafin shi, a 1824, wani Baturen Birtaniya, Clapperton, ya ƙirga ƙofa goma sha biyar, ƙyamarensu na itace an lulluɓe da ƙarfe, ana buɗewa da hudowar rana a rufe da faɗuwarta.

Na fita da 'yan aji filin makaranta da igiyar awo, muka auna ƙafa 40 a ƙasa, na sa mai tambayar ya tsaya a wannan baki, abokinsa a wancan. Na ce, "Wannan kaurin ne kawai. Bi ta gefen mu gani." Bai ce komai ba, sai da aka tashi ya zo ya ce yana so ya shiga cikin masu gini. Ɗalibai sun zama tara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Neman magini ya fi neman tarihi wuya. Birkila kam ko'ina akwai. Wanda ya iya tubali da hannu, sai da aka yi min hanya ta wajen wani abokin aiki aka kai ni wurin wani dattijo a cikin gari, wanda ya gaji sana'ar wajen mahaifinsa, amma ya fi shekara goma rabon da a kira shi sabon gini, sai 'yan gyare-gyaren soro. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya daɗe yana kallona.

"Malam, katangar ta kare me?"

Na ce, "Ba ta kare komai, Baba. So muke mu ga yadda ruwa zai ci ta."

Ya ce shi dai an sha kiransa ya hana gini faɗuwa, yau ne aka fara kiransa ya yi wanda za a zuba wa ido ya faɗi. Amma ya yarda.

Yau ya zo ya duba ƙasar da na saya rabin tifa daga bayan gari. Ya damƙa, ya murza a yatsa, ya tofa mata yawu ya sake murzawa. Ya ce yashi ya yi mata yawa, wannan ta cikon daɓe ce. Sai an ƙaro jar ƙasa mai danƙo, birji. Kuɗin tifa ya tafi a banza, ko kusa da haka, don ya ce za a iya gauraya kaɗan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An kawo birji ranar Talata. Baba ya sa aka farfasa shi da diga, aka yi masa gurbi a tsakiya aka zuba ruwa, aka watsa busasshiyar ciyawa da aka daddatse da kashin doki, aka shiga da ƙafa. Yaran da suka zo da takalman ƙwallo sun fi kowa shan dariya. Bayan an tattake sai ya ce a tara a rufe, a bar ta ta kwana uku, a dawo a ƙara ruwa a sake takawa. Na tambaye shi dalilin jiran. Ya ce, "Ƙasar da ba ta ruɓa ba ba ta riƙe 'yar'uwarta."

Yau aka fara tubali. Ba a sa shi a akwati kamar bulo. Curi ake yankowa, a mulmula shi a ƙasa da tafin hannu biyu, gindi ya yi faɗi, kai ya tsuke, kamar ƙwai da aka zaunar. Baba yana hira yana yi, bai ko kallon hannunsa, kafin ɗalibi ya gama ɗaya ya jera biyar. Namu kuwa wani kamar gwanda, wani kamar tulu. Ya bi layi yana rushe na banza da ƙafa ba tare da ya ce uffan ba. Mun tashi da 140 da ya amince da su.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi, aiki ya tsaya sai juya tubali da safe. Mun kai 410, guda 30 sun tsage don mun shanya su a tsakiyar rana ba mu rufa musu ciyawa ba.

Na je wani ofishi neman tsofaffin hotunan ƙofar. Aka ce in rubuto takarda. Na rubuto, aka ce mai sa hannu ya fita. Zuwa uku ke nan. Na bar shi sai bayan salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Katanga ta tashi. Tsawonta mita uku, tsayinta ya kai kafaɗata. Kwana tara aka yi, ba don yawan aikin ba, don Baba ba ya yarda a ɗora fiye da 'yan layuka a rana. Sai na ƙasa ya sha iska ya yi ƙarfin ɗaukar na sama.

Yadda ake jerawa: a shimfiɗa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a zaunar da tubali a kai tsinin yana kallon sama, a jefa ƙasa da ƙarfi ta cike tsakaninsu, sannan a zaunar da na gaba. Jifa ake yi, ba shafawa ba. A gindi tubali huɗu muka jera a faɗi, muna hawa muna ragewa, a ƙarshe ya koma ɗaya. Shi ya sa ginin ƙasa yake da gindi kamar na kuka. Da na ga haka sai ƙafa 40 ɗin Lugga ta daina ba ni mamaki: katangar da za ta yi wannan tsayi da ƙasa zalla ba ta da wata dabara sai ta zauna da faɗi.

Muna hutawa Baba ya ba mu labarin da ya ji wajen mahaifinsa, cewa a da in damina ta wuce akan fito gyaran badala, kowace unguwa da kowane gari da yankin da aka yanka masa, da kiɗa da abinci, Sarkin Magina yana zagayawa. Kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofarta, wanda ya san inda ta tsage tun tsagar ba ta shige yatsa ba. Na rubuta a gefen "an ce", amma ya yi daidai da ƙwarya dubun Wambai Giwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau aka raba katangar uku, mita ɗaiɗai. Ta gabas an bar ta tsirara. Ta tsakiya Baba ya yaɓe ta da ƙasa, ya bi da makuba. Ta yamma na kira birkila ya yi mata fulasta da siminti.

Makuba ɓawon ɗorawa ne, kuma mun taki sa'a yanzu ne lokacinta. Kakar ɗaya daga cikin yaran ta aiko mana buhu guda daga ƙauye. Aka daka, aka jiƙa, ruwan ya yi ja-ja-baƙi, da shi aka kwaɓa yaɓen ƙarshe aka kuma yayyafa a kai. Baba ya so a yi laso a kan katangar, wanda ake haɗawa da katsi na ramin marina, da gashin jima, da wani tsiro mai yauƙi, dafara. Katsi ba wuya, marinar Ƙofar Mata na nan. Gashi ma an samu a majema. Dafara ce ta gagara, mun tambaya wajen masu magani uku, ɗaya ma cewa ya yi sai dai mu ba shi wata guda. Muka haƙura. Ashe ba magini kaɗai ke ƙaranci ba, har kayan aikinsa.

Birkilan da Baba sun yi 'yar muhawara cikin ladabi. Birkila ya ce, "Baba, zamani ya wuce wannan wahalar, nawa in na yi shi an gama." Baba ya ce, "Yaro, ƙasa numfashi take yi. Ka toshe mata hanci." Gaskiya a ido aikin birkila ya fi kyau, sumul kamar allo. Yara shida cikin tara sun ce shi zai ci.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun je Gidan Makama don yaran su ga ƙyauren Ƙofar Kabuga da ke ajiye a can. Aikin maƙera ne na gaske, kuma na ga yadda suka yi tsit a gabansa. Mai tambayar nan ya ce, "Malam, ashe ƙofar tana nan, wurinta ne babu." Ban gyara masa ba.

Na ƙara shafi guda a littafin a kan matsayin ganuwa a hukumance: an ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka sa ta a jerin jiran gado na UNESCO tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Na rubuta shi a taƙaice. Takarda ba ta yaɓe.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi ruwa 'yan lokuta. Ta tsirara ta fara zubar da kai, ƙananan kwari sun sauko mata kamar sawun hawaye. Ta makuba ta yi duhu in ta jiƙe, ta bushe kafin azahar. Ta siminti ko gezau. 'Yan ɓangaren birkila sun fara yi wa sauran gwalo.

Asabar, 19 ga Yuli

Ruwa ya hana mu fita, sai muka zauna a zaure muka yi muhawarar da na daɗe ina gudu, ta Ƙofar Na'isa. A 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da kayan zamani. Na raba yaran biyu, na ba masu goyon bayan rushewa dama sosai, kuma sun kawo hujja mai nauyi. Ƙofar da aka yi wa raƙumi da jaki ba za ta ɗauki motar asibiti da tirela ba. Wata ta ce in mace na naƙuda a cikin gari, tarihi ba zai buɗe mata hanya ba. Ba ni da amsar da ta fi wannan tausayi.

Abin da na iya kawowa shi ne Sabuwar Ƙofa. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka bukaci hanyar mota, sai aka huda wata sabuwa, aka bar tsofaffin da ke kusa da ita a tsaye a lokacin. An yi asarar guntun badala, ba a yi asarar ƙofa ba. Ra'ayina ke nan, kuma na gaya musu ra'ayi ne: mota ta bi ta gefe, kamar yadda yaron nan ya so Turawa su yi, a bar tsohuwar ƙofa ga masu ƙafa. Ƙofar siminti mai zanko a ka tana nuna inda ƙofa ta taɓa zama, kuma ko wannan ya fi babu. Sai dai ba za ta koya wa kowa dalilin da ya sa igwa ta kasa Dukawuya ba, don lungun da ya kare ta da kaurin da ya shanye harsashi su ne abin da ake fara yankewa in za a faɗaɗa titi.

Ba a tashi da matsaya ba. Na ce duka hujjojin biyu za su shiga littafi.

Lahadi, 17 ga Agusta

Kuskurenmu ya fito. Ruwan kangon ashe gindin katangar yake taruwa, ba mu yi masa hanya ba. Duka ɓangarorin uku sun jiƙe daga ƙasa, har da ta makuba da nake taƙama da ita: gindinta ya rarake kusan zurfin yatsa huɗu. Na kira Baba a waya ina cewa ruwan sama ya yi mana ɓarna. Ya zo da lema, ya zagaya, ya ce, "Malam, wanda ya sauko daga sama wucewa yake yi. Wanda ya kwana a gindi shi ne ɓarawo." Ya karɓi fartanya ya ja 'yar kwata, cikin minti goma ruwan ya bi ta ya fita.

Da na koma gida sai na tuna jujin da muka gani jingine da badala a Janairu. Ni a lokacin ƙazanta kawai na gani. Ashe soso ne, yana riƙe ruwa a gindinta damina bayan damina. Haka ma duk inda aka cike kududdufi aka yi gini, ruwan da yake zuwa can dole ya nemi wani wurin kwana. Na sake rubuta shafi na goma sha huɗu gaba ɗaya.

Baba bai tafi ba sai da ya ƙwanƙwasa ta siminti da bayan yatsa. Sama ta yi ƙaf-ƙaf, tsakiya ta yi kwam kamar ganga. Ya kalle ni bai ce komai ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Daren Laraba fulastar ta ɓalle. Yayana ya ce ya ji faɗuwarta ya zaci ɓarawo ne ya diro. Falle guda ta sauko, kusan rabin fuskar, kuma ba ita kaɗai ta taho ba, ta ɗebo ƙasar da ke manne da ita. Abin da ke bayanta jiƙe yake sharkaf, na tura yatsa ya shige. Wata siririyar tsaga ce a ka, wadda muka gani tun Yuli muka raina, ta riƙa shigar da ruwa, ga kuma wanda ya hau daga gindi, siminti ya hana shi fita. Wata biyu tana ruɓewa a ciki fuskarta tana sheƙi.

Ta tsirara ta yi muni tun farko, ta rasa kusan tafin hannu a ka, amma cikinta a bushe. Ta makuba ta zubar da fatar sama a wurare, tubalinta ko ɗaya bai fito ba, in ban da raraken gindin da laifinmu ne.

Don adalci na rubuta cewa katanga ɗaya ce, damina ɗaya, birkila ɗaya. Da mun yi kwata tun farko, da mun toshe tsagar, wataƙila fulastar ta kai baɗi ko ta wuce. 'Yan ɓangaren birkila sun dage a sa wannan, kuma suna da gaskiya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, yau muka yi yaɓe. Na riƙe agogo. Ta makuba: kwanon sarki huɗu na ƙasa, mutum uku, minti arba'in, ta koma kamar ranar da aka gama ta. Ta tsirara ta ci kwano tara da tubali goma sha biyu. Ta siminti sai da aka ɓamɓare sauran fulastar, aka rushe layi uku na sama, kuma Baba ya ce a bar ta ta sha iska mako biyu kafin a taɓa ta.

Wannan karon Baba bai sa hannu ba. Ya zauna a kan turmi yana nuni da sanda, yara suna yi. Mai tambayar nan ne ya fi kowa iya jifan ƙasa, har Baba ya tambaye shi ko a gidansu akwai magina. Ya ce babansa direba ne. Baba ya ce ya riƙa zuwa ranar Lahadi, akwai wani soro da zai gyara a cikin gari, yana neman mai miƙo masa tubali. Na ce sai mahaifinsa ya yarda, kuma ban da lokacin jarrabawa.

Littafi ya kai shafi ashirin da shida, ya wuce yadda aka tsara. Hotunan ofishin nan har yau shiru, don haka ɗalibar da ta iya zane za ta zana ƙofar a lungunta bisa kwatancen da muke da shi, mu rubuta a ƙasa cewa zane ne. Saura in kai wa malamin Hausa ya duba rubutu, in kuma nemi kuɗin buga kwafi ɗari. Mai maganin nan ya aiko cewa dafara ta samu. Yayana ya ce mu ci gaba da riƙe kangon har damina mai zuwa, don haka za a yi wa ta tsakiya laso a ka, ta yamma kuma, in ta bushe, yara sun zaɓi a sake mata siminti, a toshe kowace tsaga da wuri, a ga ko za ta kai Satumba.